Tsohuwa da Kifayen da Suka Ɓace

A wani zamani can, an yi wata tsohuwa mai ɗan akwatin gilashi na kiwon kifi, bai fi ƙwarya girma ba. Ta zuba masa yashi da ruwa, ta tafi wurin mai sayar da kifi.

Ya zaɓa mata ƙanana guda uku masu gashin baki, ya ce, "Iya, uku sun isa. Amma irin waɗannan sukan..."

Ta ce, "Yaro, na girmi kifi." Ta wuce abinta.

Da safe ta leƙa, babu kifi ko ɗaya. Ta harari kyanwarta, ta koma ta sayo uku.

"Iya, ai sukan..."

"Yaro, na girmi kifi."

Haka aka yi ta yi har kwana huɗu. A rana ta biyar ta kori kyanwar, ta ɗauki akwatin za ta zubar. Tana girgiza shi sai yashi ya motsa, kifaye goma sha biyu suka fito daga maɓoyarsu, gashin bakin wannan cikin idon wancan.

Ta rarraba su a tukwanenta da kwanoninta kaf, har ta rasa abin tuƙa tuwo. Sai ta zuba nono a murfin tukunya, ta bi gida-gida tana kiran kyanwa, "Fito mu shirya."