Takardar da ke Aljihun Baba

A tagar karɓar samfur ta ɗakin gwaje-gwaje suka fara haɗuwa. Ita malamar lissafi ce, ta kawo kwalbar fitsarin mahaifinta naɗe cikin leda uku don kunya. Ma'aikacin gwajin ya yi ta warwara har dariya ta kufce masa.

"Malama, zinare ne a ciki?"

Ta harare shi. Ya ce, "Sakamako wurin likita zai tafi. Lambarki kuwa ni nake so."

Wata uku soyayya na tafiya. Yana kiranta Malamata, tana kiransa Ɗan Kwalba. In ta tambayi gwajin sai ya ce likita ne mai bayani, Baba kuma ya ce tsufa ne kawai. Amma ranar da saurayin ya zo gaisuwa, Baba na ganinsa ya haɗe rai, ya ce kar ya sake taka masa gida. Bai ba da dalili ba.

Wata Asabar tana wanki ta tsinci takarda a aljihun Baba, da sa hannun Ɗan Kwalba a ƙasa. Ko hannu ba ta goge ba ta nufi wurin aikinsa.

"Mene ne wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Ki tambayi Baba."

"Na ga kalmar kansa, ciwon daji, da idona. Fassara nake so."

"Ƙwayoyin gado biyu ne da bai kamata su haɗu ba suka manne. Kumburin tsufa ba ya kawo haka. In muka gani a fitsari, alama ce mai ƙarfi ta kansar furostet, ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza. Shi ya sa likita ya ɗebi tsoka, aka tabbatar."

"Tun yaushe ka sani?"

"Satin da muka haɗu."

Ta ce, "Wata uku kana kallon ƙwayar idona kana ba ni dariya, ubana na ɗauke da wannan? Ashe ni kaɗai ce sakarya."

Kafin ta isa gida saƙonsa ya shigo: "Malamata, sirrin mara lafiya amana ce. Kullum da ita nake kwana tana cin raina. Ki tsane ni in kin so, amma ki kai Baba asibiti. An gano abin da wuri."

Ta shiga gida. Ta ajiye takardar gaban Baba tana kuka. "Har da kai?"

Tsohon ya ce, "Kunya ce, 'yata. Yaron da ya san abin da ke cikin wandona, ta yaya zan kira shi suruki? Amma duk da na kore shi, bai fasa bugo waya ba. Kowane sati sai ya roƙe ni in yarda a yi mini tiyata."

Ta kai Baba aka yi aiki, aka dace. Sati shida ba ta kula saurayin ba, sannan ta rubuta: "Har yanzu zuciyata na ciwo. Ka zo, Baba na nemanka."

Ranar ɗaurin aure Baba ya fito da sandarsa, ya riƙe hannun ango gam.

"Ka ji tsoron fushinta yanzu, ni ma na ɗanɗana. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai riƙon amana."

Daga cikin ɗaki amarya ta share ido ta ce, "Amin, Baba."