'Yar Rakiyar Zance

Bari in fara da nawa laifin: har yau idan autata ta ishe ni da kuka, wayata nake miƙa mata don in samu in sha shayina. Saboda haka ba ni da bakin zagin Kamilu. Labarinsa kawai zan bayar.

Kamilu na da rumfar gyaran waya a unguwar Zariya, cikin Maraɗi. Gyaran dai suna ne, abin da ya fi tara masa jama'a shi ne tura fina-finai da waƙoƙi. A shekarar da aka rufe iyaka, kuran, wato wutar lantarki, ya koma baƙo, mutane suka rasa aikin yi sai tura wa juna hotunan abin da ke faruwa a ƙasa. Duk abin da ya shigo gari, ta wayar Kamilu yake bi.

Wata Talata sai ga Salima, malamar ƙananan yara daga Tibiri, riƙe da hannun yarinya 'yar shekara huɗu. Gilashin wayarta ya tsage.

"Wa ya yi wanga aiki?" in ji Kamilu.

"Ga injiniyar nan. Munira, gaida kawu."

"Ɗiyarki ce, Madam?"

"Ta yayata ce, Allah Ya jiƙan ta. Tun tana goye take hannuna."

Gyaran da ba ya wuce minti ashirin ya ɗauki Kamilu kwana huɗu. Ranar da ta karɓi wayar, kafin ta kai Tibiri saƙo ya shigo:

"Madam, wayarki ta warke. Mai gyaran ne ya kwanta. Ko akwai magani a garinku?"

Ta amsa: "Akwai, amma ta hannun Baba ake karɓa. Kuma ka sani tun yanzu, ba na shiga gidan kowa sai da Munira. Na yi wa yayata alkawari tana kwance."

"Ɗakinta zan fara ginawa kafin naki, sanyin idona."

Malam Chaibu, mahaifin Salima, bai so sana'ar yaron ba, amma ya bari a zo zance bisa sharaɗi: bayan la'asar, a zaure, kuma da 'yar rakiya kamar yadda aka saba. 'Yar rakiyar ita ce Munira, wadda Allah Ya yi wa baki. Duk abin da aka faɗa a zaure, kafin magariba ya isa kunnen kakanta, har da kwaikwayon murya.

Kamilu ya nemo dabara irin ta masu sana'arsa. Da ya zauna sai ya kunna mata katun, ya miƙa mata waya. Zaure ya yi shiru, soyayya ta samu fili. Salima ma dariya ta yi.

Wata Juma'a ya fito da sauri, ya ɗauko wayar aiki maimakon tasa. Katun ya ƙare, ɗan yatsan Munira ya goga gaba. Abin da ke gaba shi ne bidiyon da wani ya turo da safe: 'yan bindiga bisa babura a wani ƙauye, da abin da suka yi wa mutanen da suka kwantar a ƙasa.

A lokacin Kamilu da Salima suna gardamar wanda ya fara son wani. Sai da aka jima Salima ta lura shirun ya yi yawa. Munira na zaune, idonta a buɗe, wayar na cinyarta, tabarmar ƙarƙashinta ta jiƙe.

Daga ranar yarinyar ta daina magana. In ta ji ƙarar babur sai ta shige ƙarƙashin gado, a garin da kabu-kabu ya fi kaji yawa.

Malam Chaibu bai ɗaga murya ba. "Na sa ta ta tsare maka mutunci," ya ce, "kai kuma ka tsare mata mi? Tashi ka tahi."

Kamilu ya yi ta aika saƙo. "Salima, ki zage ni, amma ki amsa." Shiru. "Ko Munira ta ci abinci?" Shiru. Sai labari ya zo masa cewa motar Ilyasu, ɗan wani attajirin hatsi, tana tsayawa ƙofar gidan. Ya rubuta na ƙarshe: "Na gane. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

Bai gane komai ba. Salima ta kulle wayarta ne a akwati, don Munira ba ta iya ganin hasken gilashi.

Shi kuwa ya goge duk abin da ke wayar aikin, ya daina tura bidiyo, rabin jama'arsa suka koma rumfar maƙwabci. Ya koyi yadda ake kulle waya don yara da sa mata lokacin mutuwa. Duk uban da ya kawo gyara sai ya sha wa'azi: "Kar ka ba yaro ka juya baya. In zai kalla, ka zauna ku kalla tare." Ba wanda ya kai mu iya nasiha, mu da muka riga muka yi ɓarnar.

Ilyasu ne ya gyara masa hanya. Da ya ji yarinyar ba ta da lafiya, ya zo da tsaraba don ya burge: sabuwar tablet, babbar wayar nan mai faɗin gilashi, cike da wasanni. Ya kunna ta a gabanta. Ihun da Munira ta yi shi ne sautin farko da aka ji daga bakinta cikin wata biyu. Motar ba ta sake dawowa ba.

Bayan mako guda Salima ta zo rumfar da ƙafarta. Ta rame.

"Ka ce ka gane. Mi ka gane?"

"Na ɗauka kin zaɓa."

"Na zaɓa tun tuni, wawa. Ina kusa da ita lokacin da abin ya faru, ina maka dariya. In na kore ka, ni wa zai kore ni?"

Malam Chaibu ya sauko a hankali, bayan da abokansa na masallaci suka yi ta ba shi labarin yaron Zariya da ke kulle musu waya. Kamilu ya gina ɗakin da ya yi alkawari, ya shafa masa shuɗin fenti, ya cika shi da 'yan tsana da alli. Ya je Tibiri a ƙafa daga bakin titi, ya bar babur da waya a baya, ya durƙusa nesa da yarinyar. Tana ganin fuskarsa ta ruga ta ɓuya. Sau bakwai ya gwada.

An ɗaura aure ranar Asabar da hantsi. Liman ya yi addu'a, aka raba goro, Malam Chaibu ya dafa kan ango ya ce Allah Ya yi albarka, Ya ba da zuri'a mai jin ƙai. Jama'a suka amsa da amin, wayoyi sama suna ɗauka. Amarya ta tare, kuma duk wanda ya san su ya shaida suna son juna.

Munira kuwa an kai ta Jiratawa wajen kakar Salima, cikin gonakin rani. Ta fara magana. Ba ta taɓa kwana a ɗakin shuɗin ba.