Shebur Biyu a Dandali

Da ƙarar karo suka haɗu. Delfin na tuƙa motar kwashe dusar ƙanƙara a wani dandali na birnin Winnipeg, sai ya ji ƙwam! Ashe tulin da ya tura ba ƙanƙara ba ce zalla, ƙarfen wata budurwa mai suna Oksana ne kwance a ƙarƙashi: wani abu mai lanƙwasa, ba mutum ba, ba dabba ba, wanda ta ƙera don ƙawata wurin.

Ta iso a guje, ta ga gefen ya lotse.

"Malam, makaho ne kai?"

"Da dai," in ji shi yana kallonta, "amma yanzu idona ya buɗe."

Ta harare shi, dariya kuma ta ci amanarta. Kafin wata ya zagayo, soyayya ta kama su ba sassauci.

Sai dai mahaifinta, Bohdan, shi ya yi waldar ƙarfen da hannunsa, kuma dattijon akwai riƙo.

"Mutumin da bai ga ƙarfe ya kai girman mota ba, shi zai ga darajar 'yata? Ban yarda ba!"

Ana cikin haka hukumar gari ta ce za ta ɗauke ƙarfen, tunda yana tare wa motoci hanya. Oksana ta sha kuka. Sai ga saƙon Delfin a wayarta:

"Share hawayenki, Farin Cikina. Mota ba za ta ƙara matsar wurin ba. Na shaida wa hukuma da hannu zan riƙa sharewa, sun kuma yarda."

Ta amsa: "Makahona, sanyin nan zai kashe min kai."

"Ya gwada mana."

Duk safiyar da ƙanƙara ta zuba, Delfin na can da shebur kafin ya tafi aiki, gira ta daskare, yatsu sun sandare. Bohdan yakan wuce a mota, ko sannu babu.

Ranar da aka yi zubar da ta fi kowacce, ƙarfen ya nutse ƙurmus. Delfin na ta fama, sai ya ji wani shebur na aiki a bayansa.

"Kai yaro, a hankali ta nan," in ji Bohdan. "Waldata ce."

"To, Baba."

"Baba kuma? Har ka fara?" Ya yi gyaran murya. "To... ci gaba."

Da bazara aka ɗaura aure a gaban ƙarfen, yana nan inda yake. Oksana ta hana a gyara lotsewar. Bohdan ya dafa wurin, ya sa musu albarka.