Murfin Da Ban Cire Ba

"Ga hoton Alƙaliya na wannan makon."

Mai Wanki, wadda ke wanke mana fim ɗin hoto, ce ta faɗa, tana warware fim ɗin a kan teburi a hankali, kamar mai shimfiɗa sabon yadi.

Fari ne tas. Daga farkonsa har ƙarshensa ana hango katakon teburin ta cikinsa.

Mu tara ne a ɗakin, babu wanda ya motsa. Agogunan da ke jikin bango kawai ke ta surutunsu.

"Maganin wankinki ne ya lalace," na ce, da wata murya da ban san tawa ba ce.

"Duba gefe, ƙanwata." Ta ɗora farce a kan 'yan lambobin da ke bakin fim ɗin. "Ɗaya, biyu, uku... har talatin da shida. Sun fito raɗau. Da maganina ne, su ma ba za su fito ba. Haske ne bai shiga ba, ko ɗigo." Ta ɗan karkata kai. "Murfi kika bari."

Na ɗago na dubi saurayina, Shiru.

Kwana tara ke nan da rasuwar mahaifiyarsa. Bai fito daga gida ba sai yau, kuma don wannan fim ɗin ya fito.

Ya miƙa hannu ya ɗauka, ya ɗaga shi saitin taga, ya bi shi da ido tun daga lamba ta farko har ta ƙarshe. Sannan ya naɗe shi, ya sa a aljihun gaba, ya fita.

Ko ƙofar bai buga ba.

Ga wadda ba ta san irin kyamarorinmu ba, tsofaffi ne masu amfani da fim. Ba ta cikin idon kyamarar ake leƙawa ba, akwai 'yar taga daban a kusurwar sama. A tsakiyar tagar abu yana fitowa biyu, sai ki juya zoben saiti har biyun su haɗe, ki danna. Tagar ba ta san halin da idon yake ciki ba. Ko a rufe yake ruf, ke duniya kike gani tar.

Kowace Asabar da yamma muke haɗuwa a ɗakin bayan shagon Baba Agogo. Doka ɗaya ce: kowa ya kawo hoto ɗaya da ya fi so a makon, sauran su faɗi gaskiya a kansa.

Su ba gaskiya suke faɗa ba, shafa wa juna mai suke yi. Ni kuwa malamar makaranta ce, na saba da jan biro.

"Fure kuma?" na ce a zuwana na biyu. "Ƙaramin asibitin unguwar nan wata takwas babu ruwa. Kwatar gaban shagon nan ta ci ƙafar mutum uku. Mutum tara masu ido da kyamara, a rasa abin ɗauka sai fure da kyanwa da faɗuwar rana?"

Ranar suka sa min Alƙaliya. Ban damu ba, kuma har yau ina nan a kan bakana game da furen.

Shiru ma'aikacin ɗakin karatu ne, sunan ya bi shi daga wurin aiki. Ranar da ya ajiye hoton wata kujerar katako a gefen taga, ban ko jira an ba ni dama ba.

"Kujera ba ta jin yunwa, malam. Me wannan hoton zai gyara?"

"Babu," ya ce. "Ta mahaifina ce. Shekara goma sha shida ba wanda ya zauna a kanta."

Na sake duban hoton. Sai a lokacin na ga inda gwiwar hannu ta cinye fentin.

Shi ne mutum na farko da ya taɓa rufe min baki ba tare da ya ɗaga murya ba. Kafin wata huɗu yana raka ni bakin titi duk Asabar, yana riƙe min jakar takardun ɗalibai.

"Barkonona," yakan ce, "yau mutum nawa kika sa kuka?"

"Biyu. Sun cancanta."

"Ni fa?"

"Kai ina tara maka ne."

Yayarsa ba ta taɓa sona ba, kuma ni na jawo. Ranar farko da na je gaishe da Mama, mahaifiyarsu, na ga danshi ya cinye bangon ɗakinta har ya yi baƙi. Kafin in gama zama na ce, "Yaya, wannan danshin ne ke ƙara mata tari. Me ya hana ku kai ƙarar mai gidan?"

Yaya ta dube ni sama da ƙasa. "Gaisuwa kika zo ko duba gari?"

Mama kuwa dariya ta yi har tari ya sarƙe ta.

Tun rasuwar mijinta Mama ba ta sake yarda an ɗauke ta hoto ba. Shi kaɗai ya taɓa ɗaukarta, ta ce shi kaɗai ya san inda fuskarta take. Shi ya sa Shiru, mutumin da ke yawo da kyamara a wuya, ba shi da hoto ko ɗaya da mahaifiyarsa tun yana ɗan shekara goma sha biyu.

Sai da jiki ya yi nisa ta sauko. "Kira min yarinyar nan mai faɗa," ta ce masa. "Amma da kyamarar babanku."

Ranar Lahadi ce, rana ta ɗan karkata, hasken taga mai laushi. Aka zaunar da ita a kujerar nan. Shiru ya durƙusa a gefenta. Ya miƙo min kyamarar da hannu biyu.

Tawa kyamarar murfinta ya ɓace tun kafin in saye ta. Hannuna bai san akwai abin cirewa ba.

Yaya ta ciro wayarta.

"Yaya, don Allah ajiye wayar nan," na ce. "Idan Mama ta ga abu biyu a kanta za ta daskare. Ki bar min, na san aikina."

Ta ajiye. Tana hararata, amma ta ajiye.

"Kai kuma," na ce wa Shiru, "kada ka kalle ni. Ko sau ɗaya. Na tsani hoton a-tsaya-a-yi-murmushi. Mama za ka kalla."

Ya yi min biyayya. Sau talatin da shida na danna, bai juyo ba ko sau ɗaya. Da ya juyo, da ya ga baƙin murfin nan zaune a kan idon kyamarar. Mama kuwa idonta ya riga ya yi rauni, inuwata kawai take gani.

Litinin na kai wa Mai Wanki fim ɗin, don ita kaɗai ce a cikinmu mai ɗakin wanki a gida. Ta ce magani ya ƙare, sai an kawo. Kwana goma bayan haka Mama ta rasu.

A Asabar ɗin da aka warware fim ɗin, bayan fitar Shiru daga ɗakin, Baba Agogo ya cire gilashinsa ya dubi Mai Wanki.

"Yaushe kika wanke shi?"

"Shekaranjiya, Baba."

"Nawa fim ɗin kin wanke min shi Larabar da ta biyo bayan Litinin ɗin. Da wane magani?"

"Ragowa ce, ba ta isa biyu ba."

"Ko da shekaranjiyar ce, ba ki da lambar yarinyar nan? Sai a gaban mutane?"

"Ai dokar ɗakin nan gaskiya ce," ta ce, tana gyara mayafi. "Ita ta koya mana."

Kowa ya san ta riga ni ganin Shiru, shekara biyu tana wanke masa fim tana haɗa masa da 'yan takardu. Ko ta wanke nawa tun Mama na da rai ta yi shiru, ko gaskiya ta faɗa, har yau ban sani ba. Babu lamba a gefen fim da ke nuna wannan.

Da kowa ya watse na riƙe hannun rigar Baba Agogo.

"Baba, babu wata dabara? Wani magani, wata na'ura... ko inuwa-inuwa ce?"

"'Yata, abin da bai shiga ba, ba ya fita."

"Amma na gani. Da idona na gani."

"Ke kika gani. Ita ba ta gani ba."

Ni ce mai rubuta takardar koke. An toshe kwata, na rubuta. An kori mai shara ba bisa ƙa'ida ba, na rubuta. Duk abin da ya lalace a duniya ina da adireshin wanda zan aika wa. Ranar na zauna a gaban farar takarda har shayina ya huce, na rasa wanda zan sa a sama.

Na kira Shiru sau goma sha ɗaya a kwana uku. Wayar na shiga, ba a ɗauka.

Rana ta huɗu na je gidan. Yaya ce ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofar ba ta matsa ba.

"Yaya, ina wuni..."

"Wayata na hannuna," ta ce a hankali. "Na riga na buɗe ta. Dannawa ɗaya ya rage."

"Na sani, Yaya."

"Kika ce kin san aikinki."

"Na faɗa."

"Kin san komai. Kin san danshi, kin san mai gida, kin san yadda ake jinyar uwar wasu." Idonta ya cika, ba ta share ba. "Muddin ana jin maganata a gidan nan, ba za ki shigo shi a matsayin matar ƙanena ba. Ki je."

Na juya na tafi.

Ummana ta same ni a ɗaki da kyamarata a cinya.

"Ki ba shi lokaci," ta ce.

"Umma, lokaci zai dawo da ita ne?"

"A'a. Amma ke ma ba za ki dawo da ita ba, ko kin yi ta zarya."

Asabar uku ban je ba. Aka ce Mai Wanki na kai abinci gidansu, Yaya na raka ta har bakin titi. Na ji, na ci gaba da gyaran jarrabawa, ina ba yara makin da ba su ci ba.

Ranar wata Alhamis, an tashi makaranta, ina share allo, na ji an ja benci a bayana.

Ya rame. Rigarsa ta yi masa yawa a wuya.

"Shiru..."

"Zauna."

Na zauna a bencin ɗalibai, gwiwata na gogar katako. Maganar da na yi mako uku ina shiryawa ta kufce, sai wata ta fito.

"Baba Agogo ya ce ta wanke nasa tun ranar Laraba. Idan har ta wanke nawa ma, da mun sake ɗauka, da Mama na..."

"Kada ki nemo min wanda zan tsana," ya ce. "Na gaji. Mako uku ina ƙoƙarin tsanarki, aiki ne mai wahala, kuma ban iya ba."

Ya ciro fim ɗin daga aljihu ya warware shi a kan bencin. Ya yi laushi saboda yawan taɓawa.

"Kullum sai na ɗaga shi a taga. Na san babu komai. Jiya na lura da wani abu." Ya shafa gefen fim ɗin. "Ni Mama nake kallo. Yaya bayanki take harara. Mama ba ta gani. Duk duniya mutum ɗaya ne ya gan ni da mahaifiyata a ranar nan."

Ya ɗora yatsa a kan lamba ta farko.

"Me ke nan?"

Hawaye ya zubo min. Na so in yi masa ƙarya, in cika masa talatin da shida cif, in ƙawata kowanne.

"Ba duka nake tunawa ba," na ce. "Hankalina na kan zoben saiti. Ina ta haɗa biyu su zama ɗaya, ina ji da kaina... Bakwai nake tunawa. Wataƙila takwas."

Ya dubi fim ɗin.

"Bakwai," ya maimaita.

"Ka yafe min, masoyina. Ba ni da abin da zan..."

"Yaya ta ce idan na aure ki ba za ta zo ba."

"Ta yi gaskiya."

"Na ce mata zan jira ta huce, ko shekara nawa ne, amma ba zan canza ba. Ban ce na daina jin zafi ba, Barkono. Wata rana zan tashi in kasa kallonki. Ki sani tun yanzu."

"Na sani."

"To. Na farko."

Na rufe ido. Tagar nan ta dawo, 'yar ƙarama, da haske a gefenta.

"Kana gyara mata ɗankwali," na ce. "Ka ja shi ya karkace. Ta buge maka hannu ba tare da ta juyo ba."

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, rabi dariya.

"Hannun dama ko na hagu?"

"Na hagu. Na daman yana kan wuyanka, ta baya, inda ba ka gani. Yatsunta na wasa da kwalar rigarka."

Ya kai hannu bayan wuyansa a hankali, ya taɓa wurin.

"Ban san ta riƙe ni ba," ya ce.

Na buɗe baki zan ci gaba, ya girgiza kai. Ya naɗe fim ɗin ya mayar aljihu, ya miƙe, ya ɗauki jakar takarduna kamar yadda ya saba.

"Ɗaya a mako. Dokar ke nan."

"Bakwai ne kawai, Shiru. Idan suka ƙare fa?"

Ya tsaya a bakin ƙofar ajin, bai juyo ba.

"Ban sani ba," ya ce. "Taso, ana rufe get."