Hular Wayoyi

"Malama, mun taɓa haɗuwa ne?"

Saura kaɗan hular wayoyin ta suɓuce daga hannuna. Mutumin da zan aura ne zaune a kujerar gwaji, yana mini kallon baƙuwa.

A masana'antar narka tsofaffin batura yake aiki. Mu kuma aikinmu auna motsin ƙwaƙwalwar ma'aikatan wurin, mu ga irin ɓarnar da gubar dalma ta yi musu. A ɗakin nan muka haɗu. Ina shafa masa man gwaji a ka ya zabura, ya ce, "Wannan hannu ne ko ƙanƙara?" Tun ranar na zama Ƙanƙara a bakinsa, kuma daga ni sai shi muka san sunan.

Sai sakamakon jininsa ya fito, babu kyau. Likitan sashenmu, wanda ya daɗe yana nacin sona, ya kwashi labarin ya kai wa Yayana har gida, wai shi mai tausayi.

"Nan gaba ko sunanki ba zai riƙe ba," in ji Yaya. "Jinya za ki aura?"

Daga nan wayar masoyina ta daina shiga, sai ranar nan da layin gwaji ya zo kansa.

Na ɗaura masa hular, yatsunsa na rawa a kan cinyarsa. Na san rawar nan, na gan ta a hannun abokan aikinsa da yanzu sai an ba su abinci a baki.

"Rufe ido. Kada ka motsa."

Na fara karanto kalmomin gwaji. Kujera... hanya... gishiri. Layukan allo na tafiya salin-alin. Sai na sako wadda ba ta cikin tsari.

"Ƙanƙara."

Nan take layukan suka hargitse. Na san wannan zanen, haka yake fita idan mutum ya datse haƙora da ƙarfi. Na waiwaya, hawaye na bin gefen hancinsa.

"Wa ya sa ka yi kamar ba ka san ni ba?"

"Yayanki ya roƙe ni... kuma gaskiya ya faɗa, Ƙanƙarata. Jiya na tsaya a kan titinmu na rasa ƙofar gidanmu. Yau ƙarya nake yi miki. Wata rana da gaske zan yi miki tambayar nan."

Tsoro ya kama ni har cikin ƙashi, amma son da nake masa ya fi tsoron nauyi. Na cire hular, na ɗora tafin hannuna a goshinsa.

"Ranar sai in taɓa ka haka, ka sake raɗa mini sunan."

Ya bar masana'antar, muka yi aure. Yaya ya zo, fuskar nan a murtuke.

Kullum da safe nakan tsoma hannuna a ruwan sanyi kafin in tashe shi. Yau ya daɗe yana kallona kafin ya faɗi sunan.