Ƙwayoyin Baba da Maganin Kaka

A garin Sabon Birni akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana zaune da Innarta da Kakarta. Babanta, Malam Illo, ɗan kasuwa ne mai kai kaya Nijar. In ya tafi, sai ya yi kwanaki bai dawo ba.

Kaka ta taɓa yin ciwon ƙafa mai tsanani. Likita ya ce jini ne ya yi guda a cikin jijiya. Sai ya ɗora ta a kan maganin tsinka jini, ƙwaya ɗaya kullum. Yarinyar ce ke miƙa mata maganin da ruwa. Tana son aikin nan ƙwarai, don burinta ta zama nas.

Wata rana ta dawo daga makaranta, ta iske Kaka kwance tana nishi. Inna kuwa ta tafi gidan suna.

"Kaka, mi ya same ki?"

"Kwankwaso ne, jikata. Tun safe ya hana ni sakat."

Yarinyar ta tuna da ƙwayoyin da Baba ke sha idan bayansa na ciwo. Ta shiga ɗakinsa da gudu, ta ɗauko su a bakin taga.

"Sha wannan, Kaka. Baba na sha yake miƙewa."

"Kin tabbata, ɗiyar nan?"

"Na tabbata mana! Ai ciwo duk ciwo ne."

Kaka ta sha. Can an jima kwankwaso ya lafa, har ta sa wa jikarta albarka. Daɗi ya kama yarinyar. Ta ci gaba da ba ta ƙwayoyin kullum, safe da yamma. Ba ta gaya wa Inna ba. So take sai Kaka ta warke, sannan kowa ya san ita ta yi aikin.

Ranar Asabar da hantsi, Kaka na asuwaki, sai ta tofar da jini. Ba a jima ba haɓo ya ɓarke mata. Inna ta kawo ruwan sanyi, ta kawo tsumma, amma jini ya ƙi tsayawa. Tsumman ya jiƙe sharkaf.

"Innalillahi! Maza kira Is'haƙa!" in ji Inna.

Is'haƙa maƙwabcinsu ne, yana da mota. Nan da nan ya kai su asibiti. Yarinyar ma ta bi su.

Wata nas mai suna Zulaihatu ta tarbe su. Ba ta rikice ba ko kaɗan. Ta zaunar da Kaka, ta ce ta sunkuyo da kai gaba, ta matse mata hanci da yatsu. Ta duba hannuwanta, ta ga tabo baƙi-baƙi kamar an buge ta.

"Inna, wane magani take sha?"

"Na tsinka jini ne kawai."

"Za ni tambaye ku, ku yi tunani da kyau. Ba ta sha wani abu ba? Ko na gargajiya, ko na ciwon jiki?"

"Wallahi babu," in ji Inna.

Kaka ta saci kallon jikarta, amma ba ta tona ta ba. Ba ta son a yi wa yarinyar faɗa. Yarinyar ta dubi jinin da ya ɓata zanen Kaka. Sai hawaye ya zubo mata.

"Sista, ni ce," in ji ta. "Ni na ba ta ƙwayoyin Baba."

Inna ta zaro ido. "Ke! Wa ya aike ki?"

"Bari faɗan sai an jima, Inna," in ji nas. Ta juya ga yarinyar. "Ina ƙwayoyin?"

Yarinyar ta ciro sauran daga aljihu. Nas ta karanta sunan, ta gyaɗa kai.

"Wannan ba ya haɗuwa da maganin Kaka. Shi ma yana hana jini tsayawa. Kin kyauta da kika faɗa, yanzu mun san abin yi."

Ta kira likita. Aka ɗibi jinin Kaka aka gwada, aka yi mata allura. Kafin azahar haɓo ya tsaya. Amma likita ya ce sai ta yi 'yan kwanaki a asibiti.

Yarinyar ta zauna a benci tana share hawaye. Nas Zulaihatu ta zo ta zauna kusa da ita.

"Sista, ke ba ki ji tsoro ba?"

Nas ta yi murmushi. "Da bara ne, da na ji. Wasu malamai suka zo, suna tambayar nas-nas na nan da na garin Isa. Suka ce kowa ya faɗi ƙarfin gwiwarsa wajen kula da masu shan irin maganin Kaka. Sosai ne, ko kaɗan, ko babu? Ni na ce kaɗan."

"Ba ki ji kunya ba?"

"Kunyar mi? Gaskiyar da muka faɗa ita ta nuna musu inda muke da rauni. Suka zaunar da mu, suka koya mana. Da suka dawo suka sake tambaya, na ce sosai. Abin da na koya shi na yi wa Kakarki yau."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ni ban koya ba, amma na ce na tabbata."

"To kin gane kuskurenki ke nan, ƙanwata."

Da Baba ya dawo, ya yi mata faɗa sosai. Ta ba shi haƙuri, ta ba Inna haƙuri. Baba ya ce shi ma ya yi sakaci, ya kulle ƙwayoyinsa a akwati.

Ranar da aka sallami Kaka, duk gidan suka je wurin nas Zulaihatu. Inna ta kai mata ƙwan zabi cikin ƙwarya. Kaka ta riƙe hannunta, ta daɗe tana addu'a.

"Allah Ya yi miki albarka, ɗiyata. Allah Ya ƙara miki sani."

"Amin, Kaka. Ki gode wa jikarki ma. Ta faɗi gaskiya a lokacin da ake buƙata."

Yarinyar ta ce, "Na gode, Sista. Na gode ƙwarai."

Suka koma gida cikin farin ciki. Daga ranar yarinyar ta koyi darasi: maganin wani ba na wani ba ne, kuma ba a ba mara lafiya ƙwaya sai da izinin likita ko nas. Wanda bai san abu ba, ya tambaya. Wanda ya yi kuskure kuwa, ya faɗa da wuri, domin gaskiyarsa na iya ceton rai.