Katangar da Ta Tare Ruwan Ayaba

Aikande na tsakar gida tana ɓare ɗanyar ayaba za ta ɗora mtori, faten ayaba da nama, sai ga babanta, Mzee Lyimo, ya dawo daga kotun filaye yana huci. Ko sannu da zuwan da ta yi masa bai amsa ba.

"An sake ɗage shari'ar! Kuma lauyansu ya san shaiduna tun kafin in buɗe baki. Wa yake kai musu maganar gidan nan?"

Ya kafe ta da ido.

"Haba Baba! Ni kuke zargi?"

"Ban kira suna ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as."

Alhali kuwa in Mzee ya zauna tsara dabarunsa, 'yan hayan hawa na uku na benen maƙwabta ma suna jin muryarsa daga baranda. Amma wa ya isa ya gaya masa?

Rigimar a kan ruwa take. Maƙwabciyarsu Mama Urassa ta tayar da benen haya mai hawa huɗu, katangarta ta hau kan 'yar magudanar da ke kawo ruwa daga dutse zuwa gonar ayabar Lyimo tun zamanin kakanni. Ita ta ce takardar safiyo ta ba ta wurin, shi ya ce ruwan ya girmi takarda. Ganyen ayaba ya fara yin rawaya. Abin da ya ƙara dagula lamarin, ɗan Mama Urassa, Elisante, shi ne wanda Aikande ke so, har manya sun fara shirin zuwa tambaya.

Gwaggo Mkunde, ƙanwar Mzee, ita ta ƙarasa hura wutar.

"Ke yarinya, buɗe idonki! Uwar ta busar da gona, ɗan ya aure mai gadon gona. Gobe sai ki ga bene na biyu a kan kabarin kakanki."

Aikande ta yi dariya, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ta tare Elisante a bakin hanya.

"Gaya mini gaskiya, ni kake so ko gonar?"

"Aikande! Ni kike yi wa wannan tambayar?"

"Kai ka tsaya a kan magina. Ba ka ga ruwan ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na gani. Filis, ki ba ni lokaci, Mama ba ta sauraron kowa yanzu."

"To kada ka sake nemana sai ruwa ya dawo."

Ta juya hawaye na zuba. Rani ya yi nisa, tana jidar ruwa a bokiti tana ba wa ƙananan ayaba, babanta na yi mata kallon 'yar leƙen asiri, ita kuma tana yi wa masoyinta kallon maci amana. Ta yi haƙuri, amma ta rame.

Wata Asabar da hantsi aka ji dukan guduma daga bayan katanga. Mzee ya ce, "Kun ji ko? Ƙara mata tsawo suke yi!" Can sai ƙarar ta ɗauke. Jim kaɗan ga Elisante da kawunsa a ƙofa, rigarsa duk siminti, hannunsa riƙe da ganyen isale da aka ƙulle. A wurin ƙabilarsu ta Wachagga, wanda ya miƙa maka wannan ganye gafara yake nema, kuma ba a mayar da shi. Wanda ya ƙi karɓa ya ɗauko wa gidansa abin da ba zai iya saukewa ba.

Mzee ya yi maza ya mayar da hannayensa baya.

"Lauyanku ne ya koya maka wannan? Kun ga za ku faɗi a kotu, shi ne kuka zo ku ɗaure ni da ganye. In karɓa, ƙara ta mutu, ko ba haka ba?"

"Na faɗa!" in ji Gwaggo.

Aikande na laɓe a ƙofar kicin. Ita ma abin da ta zata ke nan.

Elisante ya durƙusa. "Baba, kada ku janye ƙara. Ku bari kotu ta rubuta hanyar ruwan nan, don kada wani ya sake toshe ta bayanmu. Ni ma zan ba da shaida. Ganyen nan na laifina ne, na ga ruwan na yi shiru."

"Uwarka fa?"

"Tana ciki tana kuka, ta ce na zaɓi surukai a kanta. Daga nan wurinta zan kai wani ganyen."

"Daɗin baki!" Gwaggo ta taɓe baki. Sai kuma ta daka tsalle. "Kai! Me ke jiƙa mini ƙafa?"

Ruwa ne, jajir da laka, yana gangarowa ta tsohuwar magudanar, yana tura busassun ganye a gabansa. Ashe gindin katangar uwarsa Elisante ya fasa da hannunsa kafin ya tsinko ganyen.

Mzee ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya zaro hannunsa daga baya, ya karɓi ganyen.

"Tashi, ɗana." Ya waiwayo wajen 'yarsa, muryarsa ta yi ƙasa a karo na farko. "Aikande, ni ma da ganye ya kamata in zo miki."

Ta rushe da kuka. Bayan kotu ta tabbatar wa ruwa hanyarsa aka sha biki, Mama Urassa ta zo fuska a ɗaure, ta koma da rawa.

Zargi ba ya buƙatar shaida kafin ya raba uba da 'ya, ko masoyi da masoyiya. Wanda kuma yake neman gafara da gaske, sai ya gyara ɓarnar tukuna, sannan ya miƙa hannu.